Ramin da Na Haƙa a Ƙofar Baba

Idan aka tambaye ni abin da ya kai ni Masar nakan ce neman aiki, don wannan amsar ba ta jawo wata tambayar. Gaskiyar magana kuwa, ƙofar gidanmu ce ta kore ni.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Watari, a ƙasar Bagwai. Mahaifina Malam Isyaku shi ne limamin unguwarmu, kuma daga zaurenmu zuwa masallaci bai wuce taku arba'in ba. Wata damina hannunsa na dama ya fara karkarwa, muka ce gajiya ce. Daga baya takunsa ya gajarce, muryarsa ta yi ƙasa, fuskarsa ta daina motsi, har ka yi masa ba'a ka rasa ko ya ji. Sannan abin da ya fi tayar mana da hankali ya zo. Da zarar ya iso bakin ƙofar zaure sai ƙafafunsa su manne da ƙasa. Ladan na kira, mutane na jira, shi yana tsaye yana gumi, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Amma a ɗauke shi a babur a sauke shi a tsakiyar gona, sai ka ga yana tsallake kunyoyin dawa ɗaya bayan ɗaya kamar ba shi ba.

Duk mai hankali a ƙauyenmu ya fahimci abu ɗaya: tunda a gona yana tafiya, a ƙofa yana kafewa, to abin a ƙofa yake. An binne masa wani abu. Neman wanda ya binne ma bai ba mu wahala ba, domin akwai Sale Makaɗi.

Sale shi ne mai gangar noman yankinmu, kuma abokin Baba ne tun suna kiwon awaki. A zamanin ƙuruciyarsu, an ce in aka yi gayya Sale ya buga taken Isyaku, babu mai garmar da ke kamo shi. Da aka ba Baba limanci sai ya ce wa Sale, a gaban jama'a, kada ya sake kawo ganga gonarsa. Shekara ashirin ke nan ba abin da ke haɗa su sai sallama. To sai ga wata maƙwabciya ta rantse ta ga Sale ya sunkuya a bakin ƙofarmu da hantsi, ya miƙe, ya wuce da sauri.

Ni ne Lawan, ɗan fari, kuma tun ina yaro an san ni da zuciya a kusa. Na ɗauki diga na haƙa bakin ƙofar nan har ramin ya kai mini gwiwa. Ban samu komai ba sai wani guntun kasko da saiwar darbejiya. Guntun kaskon ya ishe ni hujja. Ranar kasuwa na tare Sale a rumfar masu igiya, na cakumi wuyan rigarsa, na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa sa'an uba. Bai ɗaga murya ba.

"Lawan, sakar mini riga," in ji shi. "Ita ke nan gare ni ta shiga mutane."

Da labari ya kai wa Baba, abin da ya ce mini bai wuce kalma huɗu ba: "Wa ya aike ka?" Aka mayar da ƙasa aka cike ramin, amma wurin ya fita daban, ƙasarsa ta fi ta gefe duhu. Daga ranar Baba ya daina ma gwada fita. Na'ibi ya ci gaba da jan salla, shi kuma yana yin tasa a zaune a ɗaki. Sale ma ba wanda ya sake kiran sa gayya.

Shekarun nan ba su yi wa kowa daɗi ba. Taki ya fi ƙarfin talaka, man da za a zuba wa injin ban ruwa ya zama abin lallaɓawa, tumatir na ruɓewa a bakin titi saboda motar ɗauka ta yi tsada. Da wani dillali ya zo da zancen aiki a asibitocin Masar, inda manyan likitoci suke, ban yi dogon tunani ba. Na sayar da injina na bi shi. Niyyata in yi aiki, in samu likitan da ya san abin da ke damun Baba, in dawo da maganin da zai fitar da shi daga zauren nan.

A Injamaina, babban birnin Chadi, na fara gane cewa tafiyar jirgi da aka yi mana alkawari ta koma ta mota. Mu bakwai ne. Dillalin ya karɓe fasfo ɗinmu duka ya zuba a wata baƙar jaka, ya ce don kada mu yar, shi ya sa muka sa masa suna Mai Jaka. Mutum ne mai daɗin baki, ba ya fara magana sai da salati. A Abeshe muka yi kwana tara muna jiran mota, muna cin busasshen burodi da ruwan shayi. Duk wanda ya yi ƙorafi sai ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai mun ci rabin hanya." Mun ci rabin hanyar nan ya fi sau biyar.

A Omdurman, cikin ƙasar Sudan, ya sauke mu a wani ɗaki bayan kasuwa, ya ce zai je ya buga mana hatimi ya dawo kafin azahar. Har yau azahar ɗin ba ta yi ba. Ya tafi da jaka, da fasfo, da duk abin da muka ba shi. Kwana biyu ina zagaya kasuwar ina duba fuskokin mutane, na riga na shirya irin shaƙar da zan yi masa. A rana ta uku yunwa ta kwantar mini da zuciya, na zauna a bencin wata mai shayi ina zagin sa a fili da Hausa, tunda na san ba mai ji.

"Kai yaro, bar zagi a kan bencina," in ji mai shayin.

Saura kaɗan in faɗo. Sunanta Hajja Asabe, dattijuwa ce mai jiki. Kakanninta ne suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa za su hajji, guzuri ya ƙare musu a nan, suka zauna. Ba ta taɓa ganin Kano ba, amma Hausarta irin ta kakata ce sak. Ta zuba mini shayi mai kauri, ta tura mini ƙosai, ba ta tambaye ni ko ina da abin biya ba. Da na ƙoshi ne ta fara nata tambayoyin, duk na abubuwan da kakarta ta ba ta labari.

"Har yanzu ana gayya a can? An ce mai ganga na tafe, manoma na tafe, ba mai jin gajiya."

Na ce mata ana yi, amma ya ragu. Ban gaya mata cewa ni na ƙarasa kashe ta ƙauyenmu ba.

Ita ta haɗa ni da masu sauke albasa, na yi wata huɗu ina dako. Duk buhun da na ɗauka sai warinsa ya tuna mini fadamar Watari, in ji kewar gida ta taso mini. Huɗu daga cikinmu suka haƙura suka juya. Ni girman kai ya hana ni. Da wace fuska zan koma, ba inji, ba magani?

Daga nan sai hamada. Tunda ba mu da takarda, ta bayan fage aka bi da mu, a bayan wata a-kori-kura, an cusa mu kamar buhunan gawayi, kowa ya rataye ƙafafunsa waje ya rungume sanda don kada ya faɗo. Kwana uku muka yi a haka. Da aka zubar da mu a wani kwari kusa da Aswan, a kudancin Masar, direba ya daka tsawa ya ce kowa ya ruga. Kowa ya ruga, ban da ni. Na diro na tsaya, ƙafafuna sun mutu murus. Ina ganin su, ina ce musu su tafi, sun ƙi. A tsayen nan na tuna wata rana da na gaji da jira na ce wa Baba, "Haba Baba, ka ɗaga mana!" kamar da gangan yake yi. Ƙafafuna sun dawo bayan ɗan lokaci, amma maganar ba ta bar ni ba har na isa Alƙahira.

Alƙahira gari ne da ba ya yin shiru. Na sami wurin kwana a ɗakin wasu 'yan Afirka mu tara, na sami aikin hawa bene da siminti. Asibiti kam ko ƙofarsa ban isa in tunkara ba, tunda in na hango ɗan sanda ma sai in canza hanya. Larabcin da na koya a zauren Baba ya yi mini rana, sai dai duk sanda na buɗe baki sai sun yi dariya, wai ina sayen burodi kamar mai huɗuba. Wake da safe, wake da rana, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. Mai aikin ya gane ba ni da inda zan kai ƙara, saboda haka ya riƙa yi mini yadda ya ga dama. A gida da tuni na shaƙe shi. A nan na koyi haɗiye magana.

Maigadin wani bene da muke kai wa siminti ya lura ba na wasa da salla. Wata rana ya ce akwai wata mata a sama, Madam Samira, tana neman mai ƙarfi kuma mai amana da zai kula da mahaifinta. Haka na shiga gidan Ammu Fu'ad. Ammu a bakinsu kamar baffa ne a namu. Tsoho ne dogo, mutumin kudancin ƙasar, ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasa.

Ina shiga na hango shi zaune a ɗakinsa, hannunsa na dama yana karkarwa a kan cinya. Madam ta ce ya tashi ya gaisa da ni a falo. Ya miƙe da ƙyar, ya taho da gajeren taku, ya iso bakin ƙofar ɗakinsa, ya kafe. Irin tsayuwar, irin gumin, irin kallon da yake yi wa ƙafafunsa. Ba zan ɓoye wautata ba, sai da na sunkuya na duba ƙasan ƙofar. Tayil ne a kan kankare, a hawa na biyar. Ko ɓera ba zai binne komai a wurin ba.

"Madam," na ce, "yana da maƙiyi ne?"

Ta dube ni ta yi dariya. "Maƙiyi? Duk unguwar nan ya yi faɗa da su, amma ba su ne suka sa masa ba. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likitoci na kiran sa Fakinsan. Da yawa daga masu shi haka ƙofa take yi musu."

Na nemi izini na fita, na zauna a kan matattakala. Ban yi kuka a hamada ba, ban yi ranar da Mai Jaka ya gudu ba, amma ranar na yi. Fuskar Sale kawai nake gani, da hannuna a wuyan rigarsa.

Aikina shi ne wanka, sutura, ba da ƙwayoyi a kan lokaci, da tsayawa a gefensa don kada ya faɗi. Ammu tsoho ne mai tsiwa. Ya sa mini suna Shehi saboda Larabcina, in na ba shi ruwa ya ce ya yi sanyi, in na canza ya ce ya yi ɗumi. Ni ma ban raga masa ba, shi ya sa muka shaƙu.

Ranar Talata Madam ta ce in kai shi wurin gashin jiki. Na zaci allura ce ko wata na'ura. Sai na tarar da wani faffaɗan ɗaki, an jera kujeru a zagaye, tsofaffi maza da mata sun kai goma sha biyar, duk masu irin ciwonsa, ga wani mutum a gefe da 'yar ganga a hammata. Mai kula da wurin likitar gashin jiki ce, Dakta Nadiya, mace mai hijabi da takalmin gudu. Aka fara kiɗa, suka fara ɗaga hannu, suna buga ƙafa a zaune, suna juya kafaɗa. Ni ɗan liman na koma lungu na naɗe hannu. Na ce a raina, lallai an rasa abin yi, tsofaffi da furfura an tara su ana rawa.

Da aka zo kan Ammu, mai gangar ya canza salo zuwa wani kiɗa mai nauyi na mutanen kudu, irin wanda mazansu ke wasan sanda da shi. Aka miƙa masa gora. Mutumin da na sha wahala kafin in fito da shi daga lif, na'urar hawa bene, ya ɗaga gorar nan sama, ya gyara tsayuwa, ya ratsa ɗakin daga bango zuwa bango da taku mai faɗi, ya juyo, har da wani ɗan karkace wuya na jin kai. A ƙasa an manna layuka farare a jere, yana tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Ina ganin layukan nan na tuna kunyoyin gonarmu.

Da aka tashi na tare likitar da Larabcina na huɗuba, na ba ta labarin Baba, ƙofa da gona duka. Ban da zancen rami. Ta saurara har na gama.

"Ka san in kana tafiya ba ka tunanin ƙafarka," in ji ta. "Akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa da ke ba ta umarni ba da saninka ba. A wurinsu shi ne ya raunana, kuma matsattsen wuri kamar ƙofa yana ƙara ruɗa shi. Amma in kunne ya ji bugu, ko ido ya ga layi, sai umarnin ya bi ta wata hanyar. Gonarku layuka ce a jere, shi ya sa yake tafiya a cikinta."

Sai ta ce in nuna mata yadda ake huɗa. Na so in ƙi, ba ta bar ni ba. Haka na karɓi gorar Ammu na sunkuya a gaban tsofaffin Masar ina huɗar tayil, ɗaga, sara, ja, taka. Kafin in ankara rabinsu sun miƙe suna kwaikwayona, mai ganga ya kama, Ammu na ihu wai Shehi ya lalace. Rabon da in yi dariya irin ta ranar tun a gida.

Likitar ba ta yaudare ni ba. Ta ce ciwon ba ya warkewa, gaba yake yi a hankali, dole a sha ƙwaya, dole wani ya tsaya a gefe saboda faɗuwa. Motsi da kiɗa suna dai riƙe wa mutum ƙafafunsa da walwalarsa muddin hali. Sannan ta yi mini tambayar da ta hana ni sukuni.

"Ba kowane kiɗa ne yake yi wa kowa aiki ba. Wanda jiki ya sani tun da ƙuruciya ya fi. Wane kiɗa jikin mahaifinka ya sani?"

Na san amsar. Na kuma san mutum ɗaya ne a duniya ya iya buga shi.

Na yi shekara ɗaya da rabi a gidan. Na koyi yadda ake tafa wa Ammu in ya kafe, da yadda ake sa shi ya karkata nauyinsa gefe guda kafin ya ɗaga ƙafa, da yadda ake yin shiru a jira ba tare da an ja shi ba. Wata rana ina ɗaure masa takalmi na tambaye shi ko bai ji nauyin rawa a gaban mutane ba, babba kamarsa.

"Na ji," in ji shi. "Wata biyu na ƙi zuwa. Sai na duba na ga ni da na ja jirgi da mutum dubu a bayana, ƙofar banɗaki ta gagare ni. Na ce to, wanne ya fi zubar da girma?"

Duk Juma'a nakan kira gida. Inna ba ta faɗin sunana tunda ni ne na fari, sai dai ta ce "kai". Wata Juma'a ta ce, "Kai, Malam fa ya daina fitowa ko tsakar gida." Na yi ta yi mata bayani, na ce ta zana layi da toka, ta tsaya a gabansa ta riƙa tafawa.

"A tafa wa liman?" in ji ta. "Ko ka fara shan abin mutanen can ne?"

A nan na gane wannan saƙon ba na waya ba ne. Madam Samira ta yi ta zirga-zirga har na sami takardar komawa gida, likitar ta rubuta mini wasiƙa zuwa ga duk likitan da zai duba Baba. Ranar da zan tafi na durƙusa gaban Ammu ina neman gafara, ya ture ni da gora.

"Tashi ka tafi, Shehi. Ni ina da masu tafa mini."

Na tarar da Baba ya rame, idanunsa ne kawai nasa. Muka ɗauke shi cak muka sa a mota zuwa Kano, likita ya karanta wasiƙar, ya gwada shi, ya tabbatar, ya rubuta ƙwaya. Cikin 'yan makonni karkarwar ta ragu. Na zana layukan toka a tsakar gida, ina tafawa a hankali, yana tsallakewa, Inna na leƙe ta taga tana riƙe baki. Amma da mun iso ƙofar zaure, inda ƙasar nan mai duhu take, sai ya kafe. Tafina bai isa ba. Na kunna masa kiɗan Ammu a waya, ya yi mini wani kallo, na kashe da kaina.

Na yi kwana shida ina kewaya unguwar su Sale kafin in iya shiga. Na same shi da hantsi a gindin tsamiya yana tufka igiya, sana'ar da ya koma ke nan. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa. Na gaya masa komai, hawa na biyar, da tayil, da tsohon direban jirgi. Na ce na zalunce shi, ya yafe mini. Bai daina tufka ba.

"Ka san abin da na sunkuya yi a ƙofarku ran nan?" in ji shi. "Na ji an ce ba shi da lafiya, na zo duba shi. Na sunkuya na cire takalmi ɗaya. Sai na ce, shekara ashirin, in na shiga me zan ce masa? Na mayar da takalmina na tafi."

Da ƙyar na faɗi abin da ya kawo ni, cewa ina roƙon ya buga wa Baba takensa.

"Gangar na rataye, fatar ma ta yage. Wannan mai sauƙi ne, a sake fata. Amma da bakinsa ya ce kada in sake kawo ta. Ba kai za ka warware ba."

Na koma na zauna gaban Baba. Na ce masa ba rawa ake so ya yi ba, tafiya ce, kuma likita ce ta faɗa. Na kawo masa misalin Ammu. Ya dubi hannunsa.

"Ni na kore shi a gaban mutane," in ji shi, da muryar nan da sai ka matso. "Kai ka ci mutuncinsa a gaban mutane. Yanzu da muke da buƙata muka tuna da shi."

"Haka ne, Baba."

"Je ka ce masa Isyaku na kira. Kada ka ce liman."

Sale ya yi mako guda yana gyaran ganga. Ya zo wata Laraba gab da la'asar, sanye da rigar nan dai, na gane ta da ɗinkin da ke wuyanta. Labari ya riga ya zaga, mutane sun tsaya a bakin katanga, wasu na gunaguni a kan ganga a ƙofar liman. Na riƙo Baba har bakin zaure, ya kafe kamar kullum. Su biyun suka kalli juna, ba wanda ya gaisa.

Sale bai sa sandar kiɗa ba, da yatsu ya fara, ƙasa-ƙasa. Bugu biyu a jere, ɗan shiru, sannan ɗaya mai nauyi. Ya maimaita. Ya sake maimaitawa. Ina riƙe da gwiwar hannun Baba, saboda haka ni na fara ji kafin kowa ya gani: kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka, irin saukar mai shirin ɗaga garma. A bugu mai nauyi na gaba ƙafarsa ta bar ƙasa, ta tsallake wurin ramin gaba ɗaya, ta sauka a waje.

Wata mata ta yi salati da ƙarfi. Sale ya fara ja da baya yana bugawa, Baba na bin sa, taku mai faɗi, ƙirjinsa a buɗe, ni ina gefe ina ƙoƙarin kamo su. Ban taɓa ganin mahaifina yana saurayi ba sai ranar, na tsawon taku talatin.

Saura kamar taku goma a isa masallaci Sale ya ɗauke hannu, don ba ya kai ganga kusa da ɗakin Allah. Baba ya tsaya cak. Sale ya sauke gangar ya jingina ta da bishiya, ya zo ya ture hannuna, ya kama na Baba, ya riƙa buga masa taken a bayan hannu da ɗan yatsa ɗaya.

"A da ka fi haka sauri, Isyaku," in ji shi.

"Kai ma hannunka ya yi sanyi," in ji Baba.

Haka suka shiga. Baba bai ja salla ba, ranar ko bayanta. A sahun farko ya tsaya, a ƙarshen dama, inda zai jingina da bango. Ya ƙara damina biyu a duniya, kuma in dai jikinsa ya yarda, la'asar ba ta wuce shi a jam'i. Akwai ranakun da ko gangar ba ta iya tayar da shi, a irinsu sai su zauna su yi ta musu a kan gayyar da aka yi kafin a haife ni.

Amma abin da na fi riƙewa shi ne dawowarsu a ranar farko. Sale ya rako shi har gida, ya buga masa ya tsallaka ciki, Inna ta karɓe shi. Ya rage daga ni sai Sale a bakin ƙofa. Har lokacin bai ce ya yafe mini ba, ni kuma ban isa in sake tambaya ba. Ya dubi ƙasar nan mai duhu, ya dube ni. Sai ya sunkuya ya cire takalminsa, duka biyun, ya ajiye su a kan wurin da na haƙa, ya yi sallama ya shiga.